Sunan da Malama Tasalla Ta Ƙi Kira

Mahaifiyata, Malama Tasalla, ta koyar da 'yan aji ɗaya a Kalgo fiye da shekara ashirin, kuma babu yaron da ya taɓa zama a gabanta da ta manta sunansa. Takan haɗu da ƙato mai gemu a kasuwa, ta kira shi da sunansa da na ubansa, ta tuna masa ranar da ya tsallake taga saboda tsoron allurar rigakafi. Amma ni Siddiƙu, da ta haifa da cikinta, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan ina kusa, ni ne "kai". Idan ba na nan, ni ne "wancan".

Ba ƙiyayya ba ce, ni ne ɗan fari. A Gwandu, inda aka haife ta, uwa mai kunya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata Inno, a ɗakinta na tashi, kuma ita ce ta koya mini yadda ake gane son irin wannan uwa. Idan aka aiko da tsaraba daga Kalgo, ƙullin busasshen kifi ko 'yar riga, aka ce a ba wancan, sai Inno ta sa mini rigar ta ja hannun, ta ce, "Ka gani ko? Daidai da kai. Wadda ba ta kallon ka, ina tas san tsawonka?" Da haka na girma ba tare da na taɓa shakkar uwata ba.

Sunanta na yanka Ruƙayyatu, amma ranar sallah aka haife ta, Tasalla ya bi ta. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, mai murya kamar ta mutum biyu. Mahaifinta malamin allo ne, amma ya sa ta a makarantar boko a lokacin da maƙwabta ke ganin ya yi abin kunya. Ta yi kwalejin horon malamai a Birnin Kebbi, ta auri mahaifinmu Malam Yusufu, malamin gona a Kalgo, ta haifi mu biyar. Allah ya yi masa rasuwa a 1983. Fari ya biyo baya, wanda har yau tsofaffi ke lissafin shekaru da shi. Da ta aurar da autarmu sai ta ajiye aiki, kowa ya ce to, Malama za ta huta. Waɗanda suka faɗi haka ba su san ta ba.

Bawa direba ne ya kawo labarin. Shi ke jigilar kaya daga Kalgo zuwa Kamba, da aka buɗe iyaka a 1986 ya ci gaba da tsallakawa Nijar. Ya ce mata a wani gari gaba da Gaya akwai gidan yara da wata ƙungiyar agaji ta buɗe, an tara marayun da fari ya bari. Suna da abinci, suna da mai magani, amma ba su da mai koyar da ƙananan, kuma ba su da abin biyan albashi, sai ɗaki da tuwo. Bawa hira kawai yake yi. Kafin ya gama shan furarsa Inna, kamar yadda muke kiran mahaifiyata, ta tambaye shi ranar da zai koma.

Sai da ta je Gwandu neman izinin yayanta, Kawu Atiku, ni ma ina wurin. Kawu ya saurare ta har ta gama, ya ce, "Ke Tasalla, mi kika rasa nan gida? Ɗiyan Kalgo sun ƙare na?"

Ta ce, "Yaya, ɗiyan Kalgo kowa da uwatai. Waɗancan ba su da kowa. Ni kuwa alli na iya riƙewa, ban iya zama ɗaki ina ƙirga azara ba."

Ya ce, "Mace ita kaɗai, ƙasar wasu?"

Ta ce, "Gayan Nijar ta hi Kano kusa. Da Kano nic ce za ni, da ka sa mini albarka tun ɗazu."

Kawu ya yi dariya ba ya so. Ya sa mata albarka, da sharaɗin shekara biyu. Ta amsa masa da ladabi, ta kuma yi huɗu.

Gidan ba wani abin kallo ba ne: dogayen ɗakuna biyu na ƙasa da rufin kwano, rijiya, da rumfar zana wadda ita ce aji. Yaran kuwa kowane da harshensa, Zabarmawa da Buzaye da Fulani da Hausawa. Inna tana da Hausa da Fillanci, Zabarmanci kuma a bakin yaran ta tsince shi, suna yi mata dariya tana ramawa. Babu allo, babu littafi. Ta sa aka zuba yashi a rumfar, kowane yaro ya share gabansa ya yi rubutu da yatsa, lissafi kuma da 'ya'yan tsamiya. Manyan suna zuwa lakwal, wato makarantar boko a bakin mutanen can. Ƙananan su ne nata, kuma kafin shekara ta zagayo sun fara karanta sunayensu.

Shugabar gidan, Madam Hajara, ma'aikaciyar jinya ce daga Yamai, mace mai tsari. Tana da doka guda da ba ta wasa da ita: kowace safiya sai an kira kowane yaro da sunansa, an dafa kansa. Takan ce yaron da ya rasa kowa, dole ya san akwai wanda ya san sunansa. Wannan doka ta yi wa Inna daidai, don kiran suna sana'arta ce.

A cikin ƙananan akwai Kulu, 'yar kimanin shekara bakwai. An tsince ta tun tana tatata a bakin wata rijiya, kusa da wata tsohuwa da ta rasu ba ta kai ga yin bayani ba. Ba a san garinsu ba, ba a san danginta ba, sunan ma a gidan aka raɗa mata. Yarinya ce mai kaifin kai da ɗan karen surutu. Tun makon farko ta liƙe wa Inna, ita ce ɗaukar buta, ita ce sharar rumfa. Inna kuwa "Kulu zo", "Kulu karanta musu", "Madalla da Kulu". A shekara ta biyu ƙyanda ta shiga gidan, ta kama Kulu da ƙarfi har aka fara cire rai. Inna ta goya ta, ƙatuwar yarinya ƙafafunta na reto, ta yi jinyarta har Allah ya tashe ta.

Daga ranar da Kulu ta miƙe, Inna ta daina kiran sunanta.

Abin da ya biyo baya, Madam Hajara da Kulu ne suka ba ni labari. Da safe Inna za ta bi layi, wane, wance, tana dafa kai, idan ta zo kan Kulu sai ta kau da ido ta ce, "Ke ma kin tashi?" ta wuce. A aji idan Kulu ta amsa daidai, babu madalla, sai "To, na gaba." Idan ta yi kuskure kuwa, faɗan ya fi na kowa. Buta ma ta karɓe ta ba wata. Kulu ta yi ta ƙoƙari, ta ƙara wanka, ta ƙara karatu, ta rage surutu, ko za a dawo mata da sunanta. Da ta ga babu canji sai ta koma bayan rumfa. Daga nan ta daina ɗaga hannu, ta daina gama tuwonta, a ƙarshe ta daina shiga aji.

Madam Hajara ta kira Inna ta tambaye ta abin da yarinyar ta yi mata. Inna ta ce ba komai. Ta sake tambaya, Inna ta sake cewa ba komai, tana gyara bakin mayafi. Madam ta san kunyar ɗan fari sarai, su ma suna da ita, amma wa zai kawo wannan a ransa a kan yarinyar da ba ke kika haifa ba? Ita kuma Inna ba ta da bakin bayani, domin faɗin dalilin shi ne karya kunyar. Madam ta yanke shawara: ƙungiyar tana da wani gida a Yamai, motar da ke kawo hatsi idan ta zo za ta tafi da Kulu, ko ta samu ta farfaɗo a hannun wasu.

Ana cikin haka na iso, ban san komai ba. Lokacin ina aikin malamin gona a Masama, na samu hutu, na bi Bawa da buhun shinkafa da daddawa da kifin Diggi. Yara suka kewaye motar. Inna ta fito daga rumfa, ta gaisa da Bawa kamar ba za su gama ba, ta tambayi matarsa, ta tambayi tayar da ta fashe masa bara. Ni da na yi wata da watanni ban gan ta ba, na durƙusa na gaishe ta, ta dubi buhun shinkafa ta ce, "Kun iso lahiya?" Shi ke nan rabona. Raina fari tas, don na ga yadda ta faki ido ta duba ko na rame.

Da la'asar ta miƙo mini wata 'yar riga mai ruwan ganye, ɗinkin hannu, ta ce, "Ba waccan." Ta nuna da haɓa wajen wata yarinya siririya da ke zaune ita kaɗai a gindin darbejiya. Nan take na gane, don duk duniya mutum ɗaya na sani da ake aika wa riga da wannan kalma. In faɗi gaskiya, har da ɗan kishi na ji, ni da gemuna.

Madam Hajara ta tare ni kafin in kai rigar, ta zayyana mini komai, ta ce tana ganin girman Malama amma ba za ta zuba ido yarinya ta lalace ba. Na ce mata, "Madam, ba tsanarta ta yi ba. Ɗiyar fari ta mai da ta." Ta dafe baki, ta ce, "La ilaha illallahu." Can kuma ta girgiza kai ta ce, "Na gane. Amma ni na gane, ba Kulu ba. In ba ta ci abinci ba, mota na tahiya da ita."

Na je gindin darbejiyar na zauna a ƙasa. Na ba Kulu rigar, ta karɓa ta ajiye a gefe ba ta ko duba ba. Na ce mata ni ɗan Malama ne, na farko. Ta ce ƙarya ne, ta ga yadda Malama ta yi da ni ɗazu, ko kallona ba ta yi ba. Na ce to ai shi ne. Na gaya mata yadda ake yi a garinmu, na gaya mata maganar Inno a kan tsawon riga. Ta dube ni irin kallon da yaro ke yi wa babban da ke son ya yaudare shi da alewa.

Na ce, "Tashi ki je ki tambaye ta sunana. In ta faɗa, ni maƙaryaci ne."

Ta tashi a hankali, na bi ta daga nesa. Inna tana tsintar shinkafa a ƙofar ɗakinta. Kulu ta tsaya ta ce, "Malama, baƙon nan yaya sunansa?"

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Shi ba shi da baki na? Tahi ki tambaye shi."

"Ke nake so ki faɗa."

"Ke, ba ni wuri, aiki nikai."

Kulu ta dawo ta ɗauki rigar ta sa a kan ta jikinta. Ta ja hannun, ya tsaya daidai wuyan hannunta. Ta daɗe tana kallon wurin. Amma da aka kawo tuwon dare, loma kaɗan ta yi ta ture kwanon, na san aikin bai ƙare ba.

Ban taɓa yi wa Inna magana a kan wannan al'ada ba, ko sau ɗaya, kuma ranar ma sai da na yi ta kewaye-kewaye. Na same ta bayan sallar magariba, na zauna a bakin ƙofa na ba ta gefe, yadda muka saba. Na ce, "Inna, za su tafi da yarinyar nan Yamai." Ta ce ta ji. Na ce, "Ni da kika yi mini haka, ina da Inno. Ina da Kawu, ina da gari guda masu gaya mini abin da shirunki ke nufi. Ita wa take da shi? Sunan nan shi kaɗai ne abin da ta mallaka, shi ma a nan aka ba ta."

Inna ta kau da kai har na ɗauka ta yi fushi. Sai ta ce, "Ni ban yi da gangan ba. Tun da nig goya ta, bakina ya ƙi." Ta ja carbinta ta ƙara da cewa, "Tashi ka ba ni wuri, kai ma ka cika surutu." Na tashi ina jin tausayinta, don na san abin da na roƙa ba ƙarami ba ne a wurin mace irinta.

Washegari da safe yara suka yi layi, na tsaya daga bayan rumfa kusa da Madam Hajara. Kulu tana can ƙarshe da koriyar rigarta. Inna ta taho tana kira tana dafa kai, muryarta garau kamar kullum. Da ta iso kan Kulu sai ta tsaya. Ta gyara mayafi, ta yi gyaran murya, ta dubi sama kamar mai duban hadari. Matar da ke tsawata wa aji guda da kalma ɗaya, sai ga ta tana neman numfashi. Sannan ta ɗora hannu a kan yarinyar ta ce, "Kulu." Ta sake cewa, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Kulu, ɗiyata, kin tashi lahiya?"

Kulu ta rungume ta a ƙugu ta fashe da kuka. Inna ta tsaya ƙiƙam, hannunta a kan yarinyar, tana faɗin, "To, ya isa, ya isa, mutane na kallo." Madam Hajara ta juya tana share ido. Ni kuwa na tafi duba tayar Bawa, wadda babu abin da ya same ta. Ranar Kulu ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari, motar hatsi ta zo ta koma Yamai ba ita.

Bayan girbi na sake komawa. Ina sauka na ji Inna tana cewa, "Ke, kawo wa baƙi ruwa," sai ga Kulu ta taho da kwano, ta yi ƙiba, tana tafe tana tsalle. Raina ya ɓaci, na ce wato an koma gidan jiya. Na nufi Madam Hajara da ƙorafi, tun kafin in gama ta fara dariya. Ta ce Malama ta riƙe alkawari, kullum sai ta kira sunan, har aka yi makonni. Rannan Kulu da kanta ta same ta a ɗaki ta ce, "Inna, na ji, ya isa. Kowa ma ana kiran sunansa. Ki mai da ni waccan."

Inna ta dawo Kalgo a 1990, da Zabarmanci a bakinta da ciwon gwiwa. Ta so ta taho da Kulu, dokar ƙungiyar ba ta yarda a tsallaka da yaro iyaka ba, sai dai takan zo hutu a motar Bawa. Inna ba ta zauna haka nan ba, zaurenmu ya koma ajin matan unguwa masu son koyon karatu. Duk wanda ya tambaye ta labarin Nijar, za ta ba shi labarin yashi da 'ya'yan tsamiya, ta lissafa masa yaran ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Guda ɗaya takan tsallake, mu kuma mun san ko wace ce.

A 1998 aka aiko cewa Kulu za ta yi aure. Ta gama karatu, tana koyar da ƙananan a rumfar nan da ta tashi. Inna ta yi wata guda tana shiri, ta sayi tasoshi da tabarmi da zannuwa, ta sa na nemi hutu na raka ta. Hanyar Kamba ta jijjiga mata gwiwa, amma ta daure. Muna isa ta sauke kayan a hannun Madam Hajara, ta ce a kai wa waccan. Ranar biki kuwa, da aka fara guɗa, aka nemi Malama aka rasa. Ashe ta shige ɗakin wata maƙwabciya ta saki labule, kamar yadda ta yi a ranar nawa auren, don uwa ba ta zama a taron ɗan fari.

Ƙawayen amarya suka shiga damuwa. Ɗaya ta same ni ta ce in je in lallashi tsohuwa, a ce ta taho tun daga Najeriya ta ƙi fitowa, amarya za ta ji ba daɗi. Na ce mu je mu tambayi amaryar. Muka same ta a lulluɓe, hannu da ƙafa duk lalle. Ƙawar ta sunkuya ta gaya mata cewa Malama ta ɓuya, ta ƙi fitowa.

Kulu ta ɗaga mayafin kaɗan, idonta cike da hawaye, tana murmushi. Ta ce, "Ku ƙyale ta. In ta fito, ai ban da uwa ke nan."